LaserDisc, VCD ko DVD: wanne za ka ɗauko in ka shiga haraj?

Wata Juma'a bayan la'asar wani ƙanina da muke unguwa ɗaya nan Jidda ya turo min hoto ta WhatsApp daga haraj ɗin Sawarikh, wato babbar kasuwar gwanjo, wai Yaya duba min wannan abu, faifai ne yana ƙyalli kamar CD amma ya kai girman murfin tukunya, kuma mai kayan ya rantse masa hotonsa da sautinsa sun fi na DVD. LaserDisc ne ya gani. A gefe ga kwali cike da VCD, ga wani na DVD, shi kuma kuɗin aljihunsa ba za su kwashe duka ba. Na ce masa kar ka biya tukuna, gani nan zuwa. Abin da na faɗa masa a tsaye cikin zafin nan shi nake so in baje a nan a natse, don na lura ba shi kaɗai ba ne, tun da aka yi rusau a tsofaffin unguwannin kudancin Jidda wajen 2022 mutane suka yi ta tashi suna rage kaya, faya-fayan nan da na'urorinsu nake ta cin karo da su a kasuwar gwanjo, har a manhajar Haraj kana ganinsu. Kuma ba abin mamaki ba ne, ƙasar nan ta yi sama da shekara 30 ba gidan sinima, sai a watan Afrilun 2018 aka sake buɗewa a Riyad, duk kallon da za a yi a falo ake yinsa, shi ya sa kusan kowane gida ya tara.

Bari in fara da wanda muka fi sani, wato VCD, don da shi yawancinmu muka tashi bayan kaset. A 1993 ya fito, Philips da Sony da JVC da Matsushita masu Panasonic su suka haɗu suka tsara shi. Faifan CD ne dai irin na waƙa, aka matse fim da tsarin MPEG-1 aka cusa a ciki. Hotonsa ɗigo 352 ne a kwance 288 a tsaye in na PAL ne irin wanda ake bugawa a Najeriya, na NTSC kuma, wato tsarin talabijin na Amurka da Japan, 352 da 240. In ka ninka za ka samu ɗigo dubu ɗari da ɗaya da 'yan kai. Talabijin ɗin da ke rataye a bangon ɗakinka yanzu in mai 1080 ce tana da ɗigo sama da miliyan biyu, in 4K ce sama da miliyan takwas, kaga kenan kowane ɗigo ɗaya na VCD sai an ja shi ya rufe gurbin ashirin, a 4K ma gurbin tamanin. Wannan shi ne amsar masu tambaya wai me ya sa fim ɗin da suka gani garau a gidan kawu a 2003 yanzu ya koma dishi-dishi, ko faifan ne ya tsufa. Faifan bai canza ba, talabijin ce ta canza. Tsohuwar mai ƙeya 'yar inci 14 ko 21 tana lulluɓe aibin hoto, wannan ta bangon kuwa tona asiri take.

Amma ƙarancin ɗigo ba shi ne babban ciwon VCD ba a wurina. Ciwon shi ne abincin da aka yanka wa hoton, kilobit 1150 a kowane sakan, kafaffe, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa ko me ke faruwa a fim ɗin. In malam ne zaune yana tafsiri, bango a bayansa ba ya motsi, wannan adadin ya wadatar, za ka ga fuska lafiya lau har da zanen hula. Amma a ce hoton ɗawafi ne a lokacin Hajji inda kowane lungu na allon motsi yake, ko hawan sallah da dawakai da ƙura, ko ruwan sama, nan take hoton zai farfashe ya zama 'yan murabba'ai kamar an jera tayil, gefen fuskoki da rubutu kuma su riƙa wani tsaki-tsaki kamar sauro na zagaye su. Wurin duhu ma haka, baƙin ba ya zama baƙi ɗaya, sai dabbare-dabbare.

Sautinsa kuwa gaskiya ya fi hotonsa mutunci. MP2 ne mai kilobit 224, sitiriyo, in daga tushe aka ɗauko shi da kyau kunne ba zai yi ƙorafi ba. Matsalar faya-fayanmu na gida ba daga tsarin take ba, daga wurin ɗauka ne da wurin kwafa, wani daga kaset aka juyo shi da duk shuuu ɗin kaset ɗin, wani an ƙure masa ƙara har murya na tsagewa. Akwai kuma waɗanda ake sa yare biyu, ɗaya a sifikar hagu ɗaya a ta dama, in ka ji mutum biyu na magana a tare ba lalacewa ba ce, ka nemi maɓallin L/R a rimot ka zaɓi ɓangare ɗaya, sai dai ka san daga nan ka rabu da sitiriyo. Sai ɗaukar lokaci: minti 74 zuwa 80 kacal, fim na awa biyu faifai biyu, na Indiya mai awa uku faifai uku, kuma a gwanjo abu ne mai sauƙi ka dawo gida ka tarar na biyun babu a kwalin. Ƙarce kuma ba ya yafe masa, saboda don a samu wurin cusa bidiyo an rage masa kariyar gyaran kuskure da CD ɗin kwamfuta ke da ita, shi ya sa ɗan ƙarce kaɗan sai hoto ya daskare, sifika ta yi wannan ƙarar tsit-tsit da duk wanda ya yi zamanin ya sani.

To me ya sa har yanzu nake ajiye da akwati guda na VCD? Saboda akwai abin da babu shi a ko'ina sai a kansa. Finafinan Hausa na shekarun 2000 da ake ɗaukowa daga Ƙofar Wambai a zo mana da su lokacin aikin Hajji da Umara, wa'azozi da tafsirin malaman da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, bikin aure da suna na dangi. Waɗannan ba maganar inganci ake ba, maganar ko akwai ko babu ce.

SVCD, wato Super VCD, ba zan daɗe a kansa ba. A 1998 ya fito, ƙasar Sin ce ta tura shi, MPEG-2 ne mai ɗigo 480 da 576, hoton ya fi na VCD a fili, amma faifai ɗaya da ƙyar yake wuce minti 40 in ana son ingancin, kuma DVD ya yi arha ya binne shi tun bai miƙe ba. In ka ci karo da shi ka karɓa, yawancin na'urorin DVD ƙirar Sin suna karanta shi.

DVD ya fara fita a Japan a Nuwamban 1996, ya shiga Amurka a Maris 1997. Ɗigo 720 da 576 a PAL, 720 da 480 a NTSC, wato ninki huɗu na VCD. Faifai mai shimfiɗa ɗaya yana cin gigabait 4.7, mai shimfiɗa biyu 8.5, kuma in kana kallon mai biyun za ka ga wani ɗan tsayawa na ƙiftawar ido a tsakiyar fim, ba matsala ba ce, idon na'urar ne ke komawa shimfiɗa ta biyu. Abin da ya fi ƙarin ɗigon muhimmanci shi ne shi abincin hotonsa ba kafaffe ba ne, yana iya hawa har megabit 9.8 a wurin da ake gudu da faɗa, ya sauko a wurin da ake zaune ana hira. Launi ma a rabe yake da haske tun a cikin faifan, don haka ja ba ya malala ya shiga fari. Ga kuma dabarar faɗin allo, fim mai faɗi ana matse shi ta gefe ya cika dukkan layukan faifan sannan talabijin ta buɗe shi, in ka ga an rubuta 16:9 ko anamorphic a bayan kwali shi ke nan, shi ne wanda zai zauna daidai a talabijin ɗin yanzu. Sauti har layi takwas zai iya ɗauka, fassarar rubutu har 32, ka kunna ta Larabci ko ka kashe yadda ka ga dama, wanda a VCD rubutun a ƙone yake cikin hoton ba ya cirewa.

Amma fa a nan ne aka fi cutar mutane, kuma nan nake so a buɗe kunne. Sunan DVD a jikin faifai ba ya nufin ingancin DVD. Ku tuna waɗancan masu fim goma ko ashirin a faifai ɗaya da kwali mai hotuna birjik. Yi lissafin da kanka: gigabait 4.7 in fim ɗaya ne na awa biyu, kowane sakan yana samun wajen megabit biyar. In ka cusa fim goma a wannan faifan, kowane sakan zai tashi da rabin megabit, wato bai kai rabin abin da VCD ke bayarwa ba. Ko mai shimfiɗa biyu ne bai kai megabit ɗaya ba. Don haka VCD na asali da kamfani ya buga ya fi irin wannan DVD ɗin kyau, na gwada su gefe da gefe ba sau ɗaya ba. Hanya mai sauƙi ta ganewa, juya faifan ka kalli cikinsa, wanda aka buga a masana'anta fari ne kamar azurfa ko ya ɗan yi ruwan zinare, wanda aka ƙona a kwamfuta kuma shuni-shuni ne, sannan ka ƙirga finafinan da ke kwalin, in sun wuce biyu ka ajiye.

Ko na asalin ma ba duka suka zama ɗaya ba. Na farko-farkon, na 1997 zuwa wajen 2000, da yawa tsohon kwafin da aka yi wa LaserDisc aka juye a kai ba tare da an sake aiki ba, wasu kuma an ƙara musu kaifi na ƙarya har kana ganin wani farin zobe a gefen kan mutum. In fim ɗaya ya fito sau biyu, na bayan yawanci ya fi.

Yanzu ga babban faifan da ya sa na bar gida a ranar. LaserDisc ya girmi dukkansu, a ƙarshen 1978 aka fara sayar da shi a birnin Atlanta na Amurka da sunan DiscoVision, aikin Philips da MCA, daga baya Pioneer na Japan suka riƙe shi har suka daina ƙera na'urar a 2009. Faɗinsa santimita 30. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, duk da ƙyallinsa da hasken lesa da ke karanta shi, hotonsa ba dijital ba ne, analog ne kamar na kaset, sai dai ya fi kaset nesa ba kusa ba: ana ƙiyasta kaifinsa da layi 425 a NTSC, 440 a PAL, kaset ɗin VHS kuwa wajen 240. Tunda ba a matse shi ba, ba za ka taɓa ganin murabba'an nan ba, hayaƙi da hazo da ruwa da taron jama'a duk suna tafiya sumul, akwai wani laushi a hoton da ni kaina yake burge ni, musamman a tsohuwar talabijin mai ƙeya babba. Irin nasa aibin daban ne, ɗan yayyafi a cikin launi musamman ja da shuɗi mai duhu, da wasu ɗige-ɗige masu tafiya a gefen abubuwa kamar jerin tururuwa, saboda haske da launi a cakuɗe suke a faifan sai na'ura ko talabijin ta raba su. Shi ya sa ma a LaserDisc wayar S-Video ba lallai ta fi mai kan rawaya ba, ya danganta da wa ya fi iya rabawar tsakanin na'urar da talabijin ɗin, sai ka gwada duka biyun. Kuma ingancin na'ura yana canza hoton ƙwarai, faifai ɗaya a na'ura mai arha da mai tsada kamar ba shi ba, abin da ba ka cika gani a DVD ba.

Inda DVD ya yi masa fintinkau shi ne fim mai faɗi. LaserDisc an yi shi ne don talabijin ta da wadda allonta ba mai faɗi ba ne, fim mai faɗi sosai sai a sa masa baƙi sama da ƙasa a cikin hoton kansa, daga layi 480 abin da ke ɗauke da fim bai fi 270 ba, alhali DVD mai 16:9 yana ba shi wajen 360. Ka sa wannan a talabijin inci 55 ka ja shi ya cika allo, za ka ga laushin nan da nake yabo ya koma hazo. Don haka maganar mai kayan cewa hotonsa ya fi na DVD, a'a, ban yarda ba, sai dai in da DVD ɗin fim goma yake gwadawa.

Maganar sauti kuwa, nan dattijon mai kayan yana da gaskiyarsa, kuma na faɗa masa haka a gabansa, na ce Baba a wannan kam ba ka yi ƙari ba. Yawancin LaserDisc daga tsakiyar shekarun 1980 suna ɗauke da sautin dijital irin na CD sak, wanda ba a matse ba, kilobit 1411 a sakan. DVD na iya ɗaukar irin wannan har ma da wanda ya fi shi, amma kamfanoni ba su cika sawa ba don wurin hoto suke tattali, abin da aka saba shi ne Dolby Digital, sitiriyo a kilobit 192, mai sifika shida a 384 ko 448. In kana da amfilifaya da sifiku biyu na kirki ka saka faifan kiɗa ko tsohon fim, za ka ji na LaserDisc ya fi cika, ganga tana da nauyi, murya tana da jiki. Wani ɓangare na wannan daga rashin matsewar ne, wani kuma saboda sau da yawa haɗin sautin sinima na asali aka sa ba a taɓa shi ba, a DVD kuma an sake haɗa shi don falo. Masu tara LaserDisc a duniya yau da yawansu wannan sautin suke bi.

Sai dai akwai tarko a ciki. A 1995 aka fara sa Dolby Digital mai sifika shida a LaserDisc, za ka ga AC-3 a kwalin, amma ba ya fita kai tsaye, sai na'urar tana da kafar da aka rubuta AC-3 RF, sannan ka samu wani ɗan akwati na musamman da ke fassara shi kafin ya shiga amfilifaya, kuma wannan akwatin ya fi na'urar kanta wuyar samu. A irin wannan faifan in ka zaɓi sautin analog na dama shuuu kawai za ka ji. Masu DTS, wani tsarin sauti mai sifika shida na daban, sun fi haɗari, sun cinye gurbin sautin dijital ɗin gaba ɗaya, in ba ka da abin fassara DTS ƙara ce mai tsage kunne za ta fito, ka rage murya kafin ka gwada don kar ka ƙona sifika. Faya-fayan PAL na Turai kuma ba su da AC-3 sam, kuma ko dai analog ko dijital suke ɗauka, ba duka biyu ba.

Ga wahalar zama da shi. Faifan iri biyu ne, CLV da CAV: gefe ɗaya awa ɗaya ne in CLV ne, in CAV ne minti 30, wato fim na awa biyu a CAV sai ka tashi sau uku ko fiye, duk da CAV ɗin shi ke ba ka tsayar da hoto cak ba rawa. Akwai na'urorin da ke juya idonsu su karanta ɗaya gefen da kansu, su ne abin nema. Faifan yana da nauyi, yana juyawa har sau 1800 a minti, kana jin hucin na'urar in ɗaki ya yi shiru. Sannan ga ruɓewa: faifai biyu ne aka manne da gam, in iska ta samu shiga sai shimfiɗar alminiyon da ke ciki ta fara ci, hoto ya cika da ɗige-ɗige masu launi kamar an watsa yashi, kuma ba ya gyaruwa. Sau da yawa ido ba ya ganin wannan a jikin faifan sai an kunna. Ka haɗa da laimar Jidda da zafin sito ko saman rufi inda aka jibge su shekara da shekaru ba mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, faifai mai wannan faɗin yana lanƙwashewa, in ya lanƙwashe kuma hoto ya riƙa wasu layuka kamar saƙar tabarma. Na taɓa barin guda biyu a mota da rana tsaka na shiga sallah na ɗan tsaya cefane, ɗaya bai sake yin daidai ba, har yau abin yana min ciwo don faifan kiɗa ne da ban sake ganin irinsa ba.

Akwai wani da zai iya ruɗa ka, yana cikin kwanson roba mai kauri kamar allo, ba ka ganin faifan. CED ne na kamfanin RCA, 1981, allura ce ke bin sa kamar garmaho, hotonsa bai wuce na kaset ba kuma yana tsalle, a 1984 suka daina yin na'urar. Kar ka saya sai in ado za ka yi da shi.

Kafin ka ba da riyal ɗinka akwai abu uku da suka shafi mu da ke nan musamman. Na farko shiyya. DVD an raba masa duniya, Saudiyya da sauran Gabas ta Tsakiya suna shiyya ta 2 tare da Turai da Japan, Najeriya da Nijar da Sudan da Indiya suna ta 5, Amurka ta 1. Na'urar babban kamfani da aka sayar a nan tana iya ƙin faifan asali da aka kawo daga Indiya ko Amurka, ƙananan na'urorin Sin kuwa yawanci ba ruwansu, komai suke ci, kuma dalilin da ya sa nake cewa a ajiye guda ɗaya a gida kenan ko da kana da babba. VCD da LaserDisc ba su da wannan kulle. Na biyu PAL da NTSC. Talabijin ɗin da ake sayarwa a nan tun da can masu karɓar kowane tsari ne, wannan sa'a ce, amma na'urar LaserDisc ta Japan ko Amurka NTSC kawai take karantawa, faifan Turai ba zai yi a kanta ba. A DVD kuma PAL ya fi yawan layi, 576 a kan 480, sai dai fim ɗin sinima da aka ɗauka hoto 24 a sakan ana gudu da shi a 25, saurin kashi huɗu cikin ɗari, murya ta ɗan ƙara siranta, mai kunnen kiɗa yana ji, yawancin mutane ba sa lura. Na uku wuta, kuma wannan shi ke kashe na'ura a daren farko. Ta Japan 100 take sha, ta Amurka 120, gidajenmu kuma wani soket 127 ne wani 220, musamman tsofaffin gine-gine. Duba bayan na'urar ka karanta kafin ka soka, in ba ta dace ba ka nemi taransifoma.

Waya ma tana da nata rabo. DVD ta waya mai kan rawaya asarar rabin kyansa ne, ka nemi na'ura mai HDMI ko aƙalla mai wayoyi uku kore da shuɗi da ja. In kana da PlayStation 3 ko 4 a gida ka riga ka mallaki na'urar DVD mai kyau, har Blu-ray tana ci, amma ba ta karɓar VCD. Kuma in sifikun talabijin kawai gare ka, ka shiga jerin sautin faifan ka zaɓi 2.0, wato sitiriyo, maimakon 5.1 mai sifika shida, shi ne maganin matsalar nan ta magana ƙasa-ƙasa sai an yi harbi maƙwabta su farka, ko ka kunna DRC, mai rage tazarar da ke tsakanin ƙaramin sauti da babba, a saitin na'urar. Blu-ray ɗin da na ambata ban sa shi a gasar ba don ba sa'ansu ba ne, 2006 ya fito da ɗigo 1920 da 1080, in ka same shi da arha ka ɗauka kawai. Abokin hamayyarsa HD DVD mai jan kwali kuwa Toshiba sun janye shi tun Fabrairun 2008, na'urarsa daban ce, kar jan kwalin ya ja ka.

To da muka tsaya a gaban kayan na tambayi ƙanin nawa abu biyu, wace talabijin gare ka, kuma da me kake jin sauti. Ya ce ta bango inci 50, sautin kuma nata ne. Na ce to LaserDisc ba naka ba ne, abin da ya fi kowa da shi ba za ka ji shi a sifikar talabijin ba, abin da ya gaza a kai kuma shi allonka zai faɗaɗa. Wanda ya kamata ya saye shi shi ne mai amfilifaya da sifiku, mai wurin ajiya a ɗaki mai sanyi inda zai jera su a tsaye, wanda kuma ya yarda cewa ran da idon na'urar ya mutu ba lallai ya samu mai gyara ko kayan gyara ba. In kai ne wannan, nemi Pioneer, masu lamba CLD suna cin CD ma, masu lamba DVL har DVD, kuma kar ka biya sai an jona wuta an kunna faifai a gabanka ka ga tiren ya fita ya koma, ka kalli farkon gefe da ƙarshensa. Dattijon nan ba shi da wurin jonawa a rumfarsa, na ce Baba ka yi haƙuri, ba a sayen wannan a rufe.

Abin da muka tashi da shi: ƙaramar na'urar DVD mai HDMI da ke cin VCD, da DVD na asali guda goma sha wani abu da muka juya cikinsu ɗaya bayan ɗaya a hasken rana, sannan muka zauna a kan kwalin VCD ɗin muka tsince na Hausa da na wa'azi muka bar na Turawa da na Indiya, tunda waɗannan akwai su a DVD da ya fi kyau.

Su kuma waɗanda muka tsinta ban bar shi ya tsaya kallo ba, a daren muka kai su kan kwamfuta, don da yawansu ƙonawa aka yi ba bugu ba, cikinsu kore-kore ko shuɗi, kuma irin wannan rinin zafi da haske suna cinye shi a hankali. In ka buɗe VCD a kwamfuta za ka ga jaka mai suna MPEGAV, a ciki akwai fayil AVSEQ01.DAT, wani lokacin da na biyu da na uku, su ne fim ɗin. Ka kwafe su yadda suke, kar ka juya su zuwa wani tsari don kowace juyawa tana ƙara rage hoton da dama can bai da yawa, manhajar VLC tana buɗe su haka nan. Ka canza wa kowanne suna tun a lokacin don duk sunansu ɗaya ne, ka ajiye a wuri biyu. Cikin guda 23 da muka gwada a daren, 19 sun kwafu lafiya, uku sai da muka wanke su da ruwa da ɗan sabulu muka goge daga tsakiya zuwa baki da ƙyalle mai laushi, ɗaya kuma na wani tafsirin azumi ya tsaya a minti na 31, mun kwafi abin da ya samu mun ajiye faifan ko za a dace da wata kwamfutar.